Man difarenshiya: kauri ba shi ne maganin ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, masu Hilux da Land Cruiser kan fara tunanin zuba wa difarenshiya mai mafi kauri. Wasu ma sun yarda cewa kaurin zai sa tayoyin baya su kama ƙasa idan damina ta faɗi, mota ta shiga taɓo a hanyar Poli ko Tcholliré.

Wannan zance na biyu ba haka yake ba, sai dai yana da tushe. A ƙananan motocin tsere masu rimot, man silikon ake zuba wa difarenshiya, kuma kaurinsa ne ke yanke yadda tayoyi biyu za su raba ƙarfi. In ya yi kauri sosai, sai ya kusan ɗaure su tare. A babbar mota kuwa, aikin mai shi ne hana haƙoran ƙarfe cin juna da kwashe zafi. Taya ɗaya ta faɗa taɓo, haka za ta yi ta wulwulawa, ko mai lamba 90 ka zuba ko 140. Makullin difarenshiya ne zai fitar da kai, in motarka na da shi.

Batun zaɓe ba shi da wuya. Duba jikin galan ka ga GL-5, domin shi aka yi wa irin gugar da haƙoran difarenshiya ke sha. Tsofaffin motoci galibi 80W-90 ya ishe su, sababbin Hilux kuma 75W-85 littafinsu ke nema. Ban ga dalilin 85W-140 ba sai ga motar da kullum take danƙare da buhunan masara ko auduga, tana hawan dutsen hanyar Ngaundere. Idan difarenshiyar motarka irin LSD ce, nemi mai ɗauke da alamar LS, in ba haka ba za ka ji baya na kakkarwa a kwana. Man da ake aunawa a kwalba ba suna ba lamba, rabu da shi, komai arharsa.

Amma a arewacin Kamaru, abin da ya kamata ya hana ka barci ruwa ne. A saman kaskon difarenshiya akwai wani ɗan ƙarfe mai hula da bai kai babban yatsa ba, ta nan yake numfashi. Ka yi tafiyar awa biyu, kasko ya ɗau zafi, sai ka tsunduma cikin rafi. Iskar ciki ta huce nan take ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan kafar, ko ta sil idan ƙurar rani ta riga ta toshe kafar. Ba za ka ji komai ba ranar. Bayan makonni, boris ya fara tsatsa, sai ka soma jin kuka daga baya duk sanda ka taka ko ka saki totur. A lokacin, magana ta wuce canjin mai.

Saboda haka, duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a duba kafin gari ya waye sau biyu. A ajiye mota a wuri mai daidai, a fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa. Bakaniken da ya zubar da mai sannan ya tarar na gefen ya ƙi kwantuwa ya bar ka a gareji. Tsoma yatsa: man ya kamata ya kai bakin ramin. Idan ya fito kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar a sake, a kuma maimaita bayan 'yar tafiya. Notin ƙasa na da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da ke sukar yatsa na nufin a buɗe a duba haƙora. Kada a manta da difarenshiyar gaba, ita ce ke fara shiga ruwa.

Ko ba a ƙetare ruwa ba, shawarata kada mai ya wuce kilomita 40,000 a irin hanyoyin nan. Mai yawan bin hanyar Rey Bouba ko Faro da damina kuma, ya sa a cire hular kafar numfashin nan a ɗaura tiyo, a ja shi sama zuwa ƙarƙashin bodi, a lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa. Aikin rabin awa ne, kuma a watan Mayu ya kamata a yi shi.