Koyon Turanci: Yadda Ake Tambayar Yanayin Gari

Ya kai mai karatu, ka san al'adarmu. In ka gamu da mutum da damina, bayan ina kwana sai ka ce, "Ina ruwa?" Shi kuwa ya ce, "Ruwa ya yi gyara." In da hunturu ne ka ce, "Yaya sanyi?" ya ce, "Lokacinsa ne." To, mutanen Ingila ma haka suke, har sun fi mu. Dalili kuwa, ƙasarsu a tsibiri take, iska tana zo musu da laima daga tekun Atlantika, gari yakan juya sau biyu ko uku a yini guda. Saboda haka in baƙi biyu suka tsaya wuri ɗaya, da maganar gari sukan buɗe hira. Wanda ya iya ta ya sami mabuɗin zance.

1. Tambaya

Yanayin gari shi ne suke kira weather. Ga tambayoyi uku, ka hardace su:

What is the weather like? Yaya gari yake?
Is it raining? Ana ruwa?
Will it rain tomorrow? Za a yi ruwa gobe?

Ka lura, like a nan ba ta nufin so. Ma'anarta "kamar", watau kamar yaya gari yake.

2. Amsa

Mu mukan ce "ana ruwa", ko "gari ya yi sanyi". Su kuwa sai su fara da 'yar kalmar nan it. Ba ta nufin mutum ko dabba, amma in ka yar da ita maganarka ta gurgunce.

It is hot. Ana zafi.
It is cold. Ana sanyi.
It is raining. Ana ruwa.
It is drizzling. Ana yayyafi.
It is windy. Ana iska.
It is cloudy. Akwai gizagizai.
It is sunny. Akwai rana.

In abin ya wuce, sai ka mai da is ta zama was: It was cold yesterday, watau jiya an yi sanyi. In bai zo ba tukuna, ka sa will be: It will be hot tomorrow, watau gobe za a yi zafi.

Ga waɗansu sunaye kuma: thunder tsawa, lightning walƙiya, storm hadari, dew raɓa, hail ƙanƙara, snow dusar ƙanƙara.

3. Inda Ake Tuntuɓe

Ga magana uku masu kama da juna, amma kowace da inda ta dosa:

It is cold. Gari ya yi sanyi.
I am cold. Ina jin sanyi.
I have a cold. Ina mura.

Dubi bambancin da kyau. In ka je wurin likita kana mura, ka ce masa it is cold, labarin gari ka ba shi, ba labarin jikinka ba.

4. Lokatan Shekara

Mu muna da damina, kaka, rani da bazara, kuma ruwa ne yake raba mana su. Ingila kuwa ana ruwa kowane wata, sai zafi da sanyi da tsawon yini su ne suke raba musu shekara kashi huɗu: spring, lokacin da itatuwa ke toho, summer, lokacin ɗumi, autumn, lokacin da ganye ke zuba, winter, lokacin tsananin sanyi. Kada ka ce summer ita ce damina don watanninsu sun zo ɗaya. In za ka faɗi namu, damina ita ce rainy season, rani kuwa dry season, hunturu harmattan.

Wani abin mamaki, ruwan da ke sauka a London cikin shekara wajen milimita 600 ne, na Zariya kuwa wajen 1,000. Ashe mun fi su ruwa. Nasu kaɗan kaɗan yake zuwa, shekara duka. Namu kamar da bakin ƙwarya, cikin 'yan watanni.

5. Awon Zafi

In kana son sanin yawan zafi, ka ce, What is the temperature? Za a ba ka lamba, a bi ta da kalmar degrees. Amma ka yi hattara, ma'auni iri biyu ne. A ma'aunin Celsius, wanda yawancin duniya ke bi, ruwa yana daskarewa a 0, yana tafasa a 100. A na Fahrenheit, wanda Amurka ke bi, yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Don haka in mutumin Sakkwato ya ce forty degrees, zafin bazara yake nufi. In mutumin Amurka ya faɗa, ka nemi bargo, gama ruwa ya kusa daskarewa. Ingila kuwa ba a taɓa auna 40 na Celsius ba sai a watan Yuli na 2022.

6. Gaisuwa

In wani ya ce maka, Lovely day, isn't it? watau yau gari ya yi daɗi, ko ba haka ba, gaisuwa ce yake yi maka. Kada ka tsaya gardama, ko da kai sanyi kake ji. Ka ce, Yes, it is. Daidai yake da "lokacinsa ne" a wurinmu.

Aiki

Juya waɗannan da Turanci, ka rubuta a littafinka:

1. Yaya gari yake yau?
2. Jiya an yi iska.
3. Gobe za a yi sanyi.
4. Ina mura.

Sa'an nan kowace safiya, in ka fito ƙofar gida, ka dubi sama ka faɗi abin da ka gani da Turanci, da ƙarfi, har kwana bakwai. In ka sami abokin karatu, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, gobe ku yi musanya.