Amsoshin Tambayoyinku: Maganin da ke ɓoye a cikin ƙasa

Wani mai sauraronmu daga Zinder ya aiko da tambaya: shin da gaske ne daga turɓaya ake samo wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta?

Malam, gaskiya ne. Ka san ƙamshin nan da ƙasa ke yi bayan ruwan farko? Wasu ƙananan halittu ne da ake kira Streptomyces ke fitar da shi. Su ne kuma ke haɗa sinadaran da suke yaƙar maƙwabtansu da su a cikin ƙasa.

Masana kan ɗebo ƙasa kaɗan, su dama ta da ruwa, su shafa a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin halitta, su jira kwanaki. Idan suka ga wani tsiro da fili fayau kewaye da shi, babu abin da ya iya kusantarsa, to sun san yana fitar da wani abu mai kisa.

Ta irin wannan hanya, a shekarar 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ɗalibi Albert Schatz ya gano streptomycin a ɗakin binciken Selman Waksman, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Waksman ya samu kyautar Nobel a 1952. Schatz bai samu ba, kuma a ganina an tauye masa haƙƙi.

Har yau ana neman sababbin magunguna, domin cututtuka na bijire wa tsofaffin. Don Allah, a daina shan irin waɗannan magunguna ba tare da umarnin likita ba.