Darasinmu: Kalmar "Pride" da Fuskokinta Biyu

'Yan'uwa cikin Almasihu, yaranmu da ke koyon katikisim da Turanci sukan ji cewa "pride" shi ne na fari cikin manyan zunubai bakwai. Kashegari kuma a makaranta, malami ya yaba wa wanda ya ci jarrabawa, ya ce masa "I am proud of you". To, ashe malamin yana alfahari da zunubi ne? Ya kamata mu warware wannan, domin lamirin da ya ruɗe ba ya iya yin tuba na gaskiya.

Abin da ya kawo ruɗanin shi ne, Turanci ya ɗora wa kalma guda kayan da Hausa ta raba wa kalmomi da yawa. Idan Bature ya ce ma'aikaci yana da "pride" a aikinsa, yana nufin mutum ne mai kishin sana'arsa, wanda ba ya yarda da aikin ha'inci. Idan uwa ta ce tana "proud" da 'yarta, farin ciki ne da alfahari. Idan aka ce wa mutum ya haɗiye "pride" ɗinsa, ana nufin ya sauke kai ya nemi gafara ko taimako. Har garken zakoki ma da wannan kalma suke kiransa.

Amma wanda Ikilisiya take gargaɗi a kansa shi ne girman kai, wanda ake kira "superbia" da Latin. Paparoma Gregori Babba, wanda ya shugabanci Ikilisiya daga shekara ta 590 zuwa 604, ya koyar cewa wannan shi ne tushen sauran zunubai, gama mai girman kai yakan ɗauki baiwar Allah kamar shi ya yi wa kansa ita.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana fuskokin biyu. A Luka 18, Bafarisiye ya tsaya cikin Haikali yana lissafa azuminsa da zakkarsa, yana rena mai karɓar haraji. Bai koma gida baratacce ba. A 2 Korintiyawa 7 kuwa, Manzo Bulus ya yi fahariya da masu bi na Korinti, ba laifi, gama aikin Allah ya gani a cikinsu.

Saboda haka, kafin mu je furta zunubanmu a gaban Fada, mu tambayi kanmu abu biyu. Wannan farin ciki yana kai mu ga gode wa Allah, ko ga yabon kanmu? Yana sa mu rena wani? Iyaye, kada mu hana yaranmu yabo don tsoron kalma. Mu yabe su, mu kuma koya musu inda baiwar ta fito.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai tawali'u irin ta Uwarmu Maryamu. Amin.