Kabita Cakma da waƙar da aka buga cikin harsuna biyu

Cakma al'umma ce mai bin addinin Buda da ke zaune a tsaunukan Citagon, kudu maso gabashin Bangaladesh, da jihohin Tirifura da Mizoram na Indiya. Harshenta na dangin Indo-Ariya ne, kuma ya yi kusa da Bangla har George Grierson, a binciken harsunan Indiya, ya lissafa shi cikin karorin Bangla. Wannan hukunci yana da nauyi, domin abin da aka kira kari ba a cika buɗe masa ƙofar makaranta ba.

Kabita Cakma ta tashi a ƙasar da ruwa ya ci. Madatsar Kaptai, wadda aka kammala a 1962, ta nutsar da kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin yankin, ta raba mutane wajen 100,000 da gidajensu. Daga tsakiyar shekarun 1970 rikici ya ɓarke tsakanin sojoji da ƴan tawayen tsaunuka, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 2 ga Disamba 1997. Ana cikin wannan hali, a 1992, aka buga a Daka waƙarta mafi shahara, muryar mace mai kare haƙƙinta na bijire wa zalunci.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne waƙar ta fito cikin Cakma da Bangla. Bangla ta kai ƙara gaban mutanen birni. Cakma kuwa ta yi aikin da ya fi wannan wuya: ajiye harsunan biyu gefe da gefe hujja ce cewa ɗaya ba inuwar ɗaya ba ne, tun da ba a fassara wa mutum harshensa. Kafin marubutan zamani, waƙar Cakma ta fi rayuwa a bakin genkuli, mawaƙan da ke rera dogon labarin Radamon da Danpudi. Tsarar Kabita ta tabbatar da ita a takarda, ta ɗora mata siyasa.

Sai dai takardar ma aro ce. Cakma na da haruffanta na gado, amma yawancin marubutan zamani da haruffan Bangla suke rubutu, don su makaranta ta koyar. Haruffan gadon sun shiga tsarin Unicode a 2012, gwamnati kuma ta fara raba littattafan share fage cikin Cakma a 2017, shekara 25 bayan fitowar waƙar.