Ƙuri'ar Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari

Manufar wannan takarda ita ce a duba matsayin mutumin da ya gama wa'adinsa na ɗauri, alal misali ɗan Manga da aka sallama daga gidan yarin Zuru: shin doka ta bar masa ƙuri'arsa, ko kuwa sai an mayar masa da ita?

Sashe na 77 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya mai shekara 18, wanda yake zaune a ƙasar, damar a rubuta sunansa cikin masu zaɓe, bai kuwa ware wanda ya taɓa zaman kurkuku ba. Watau ba a karɓe ƙuri'ar ba, balle a yi batun mayarwa. Wannan ya sha bamban da jihar Fulorida ta Amurka, inda sai a 2018 aka amince a mayar wa tsofaffin fursunoni fiye da miliyan ɗaya haƙƙinsu, sa'an nan majalisar jihar ta gindaya sharaɗin biyan tara a 2019. A Nijeriya ma na cikin kurkuku sun sami hukunci: Babbar Kotun Tarayya ta Benin ta ce suna da ƙuri'a a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa haka a 2018, amma har zaɓen 2023 ba a kai musu akwati ba.

Inda doka ta tsananta shi ne wajen tsayawa takara. Sashe na 66 da 107 da 137 da 182 sun hana wanda aka hukunta a kan laifin rashin gaskiya neman kujera har shekara goma, sai fa in an yi masa afuwa.

To, ashe abin da yake tare ɗan Manga ba alƙali ba ne, lokacin rajista ne. Hukumar zaɓe ta rufe rajista ran 31 ga Yuli 2022. Wanda aka saki cikin Agusta, in ba shi da kati tun da, ya rasa zaɓen 2023 ɗungum, alhali kotu ba ta yanke masa haka ba. Ga kuma kunyar shiga layi a gaban mutanen gari. Ya kamata a ce hukumar gidajen gyaran hali da hukumar zaɓe sun haɗa kai, a yi wa mutum rajista kafin ranar sallamarsa, da sunan rumfar zaɓen ƙauyensu.