Kumburin Muƙamuƙi a Yara: Ciwon Dajin da ke Farawa Daga Garkuwar Jiki

Darasinmu na wannan fitowar a kan wani ciwon daji ne da ke kama yara, wanda ake kira Burkitt, da sunan likitan tiyata Denis Burkitt da ya yi bayaninsa a Yuganda a 1958. Yana cikin cututtukan daji da aka fi gani a ɓangaren yara na manyan asibitocin Kano da Zariya, mu ma a Jigawa muna ganinsa. Ya fi kama 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata kamuwa.

Yadda jiki ke ƙera makamansa

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Wasu daga cikinsu, da ake kira ƙwayoyin B, ɓargo ne ke samar da su, sannan su zauna a saifa da ƙananan ƙullutan wuya, hammata da matsematsi, waɗanda idan sun kumbura muke cewa kaluluwa. Aikinsu ƙera makamin da ya dace da kowace cuta.

Cututtuka ba sa ƙirguwa, to ta yaya jiki zai sami makamin kowacce? Kowace ƙwayar B tana yanka bayanan gado da ke cikinta, ta zaɓi guntaye ta haɗa, kamar yadda tela ke yanka yadi ya ɗinka riga, kuma kowace ƙwaya da irin ɗinkinta. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, shi ya nuna haka a 1976, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1987. Idan cuta ta shigo jiki, ƙwayar takan koma wurin ɗinkin ta ƙara gyarawa don makamin ya ƙara kaifi.

Inda kuskure ke aukuwa

Bayanan gadon ɗan Adam suna cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. A ciwon Burkitt, wajen wannan gyaran ne wani guntu na kuromosom na 8 ke yankewa ya manne a wani wuri, galibi a na 14, inda ake sarrafa makami. Guntun yana ɗauke da umarnin da ke sa ƙwaya ta hayayyafa. Da ya sauka a wurin da ba a daina aiki, sai ƙwayar ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Kumburin yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abu biyu ne ke share wa kuskuren hanya: ƙwayar cutar Epstein-Barr, da aka gano a 1964 a cikin irin wannan kumburin, wadda kusan kowane yaro a ƙasarmu yake ɗauka tun yana ƙarami, da kuma zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, wanda ke sa ƙwayoyin B aiki ba hutu. Kuskuren a ƙwaya guda yake faruwa bayan haihuwa. Saboda haka ba gado ba ne, ba sammu ba ne, kuma yaro ba ya shafa wa 'yan'uwansa.

Alamomi

1. Kumburin muƙamuƙi ko kewayen ido mai saurin girma, sau da yawa ba ciwo.
2. Haƙora su riƙa girgiɗa ko su kauce daga wurinsu.
3. Kumburin ciki da rama.
4. Ƙafafu su mutu ba zato, ko fitsari ya ƙi fita.

Hangum yakan sauka cikin mako ɗaya ko kwana goma. Wannan kumburin ƙaruwa yake yi.

Gwaji da magani

Likita zai ɗebi ɗan abin da ke cikin kumburin a duba shi a ɗakin gwaji. A kaluluwa ta yau da kullum ƙwayoyin suna da ɗinki iri-iri, amma a ciwon daji duka ɗinkinsu ɗaya ne, domin daga uwa guda suka fito. Manyan ɗakunan gwaji suna duba wannan don tabbatarwa.

Ana warkewa, musamman idan an zo da wuri. Maganin ta jijiya ake ba da shi, zagaye bayan zagaye. Kumburin yakan sace cikin 'yan kwanaki da farawa, kuma a nan wasu iyaye ke ɗauke yaro su koma gida. Ciwon yana nan a ɓoye, idan ya dawo kuwa ya fi wuyar magani. A cika kowane zagaye a ranar da aka sa.

Iyaye daga Dutse, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da kewaye, kada a kai yaro wurin wanzami a yi masa tsaga ko sakiya, kada a cire haƙorin da ke girgiɗa. A kawo shi asibiti a makon da aka ga kumburin. A kuma kwantar da yara cikin gidan sauro kullum, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina.