Yadda A Ke Gwada Wasan Kwamfuta A Wata Makarantar Faransa

Hausawa su kan ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. To, a sana'ar tsara wasannin kwamfuta maganar ba haka ta ke ba. Wanda ya tsara wasa shi ne na ƙarshen ganin aibinsa, domin ya san hanyar da ya shimfiɗa, hannunsa ba ya kauce mata. Sai baƙo ya zauna ya taɓa inda ba a zata ba, sa'an nan ɓaraka ta fito.

A birnin Paris akwai wata makaranta da a ke kira 42, wadda wani attajiri, Xavier Niel, ya kafa a 2013 don koyon tsara manhajar kwamfuta. Ba a biyan ko anini, kuma babu malami mai tsayawa gaban allo. Tana da reshe a Lyon, birnin da ya daɗe da suna a wannan sana'a, gama a Villeurbanne, gefen Lyon, kamfanin Infogrames ya fito da wasan Alone in the Dark a 1992.

Cikin ayyukan da aka riƙa ba ɗaliban akwai wani ɗan ƙaramin wasa: mutum yana yawo a fili kewaye da katanga, ya tsince abubuwan da aka watsa duka, ya nemi ƙofar fita. In ɗalibi ya ƙare, ba shi zai ce ya ƙare ba. 'Yan'uwansa ɗalibai ne za su zo ɗaya bayan ɗaya, su zauna kusa da shi su gwada. Wani ya ba wasan taswirar fili mai ɓulalliyar katanga, wani ya ba shi wadda ba ƙofa. Idan wasan ya rushe maimakon ya sanar da kuskuren, aiki ya faɗi ke nan, sai a sake.

Amma fa wannan aibi mai sauƙi ne, watau kuskuren rubutun manhaja, na'ura da kanta ta kan tona shi. Akwai na biyu wanda ya fi wuya. Wasa yana tafiya daidai, ba inda ya karye, amma mai bugawa ya rasa gane abin da a ke so ya yi. Wannan sai ɗan Adam ke iya nuna shi.

Dabarar da masu sana'ar ke koya wa almajiransu ita ce: ɗalibi ya miƙa wasan ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ya koma baya da takarda da fensir, ya kame bakinsa. Kame bakin nan shi ne jan aiki. Yana ganin mutum na kewaya ƙofar da ke gabansa, zuciyarsa na ce masa ya nuna. In kuwa ya nuna, gwaji ya ɓaci, don ranar da wasa ya shiga duniya ba zai bi shi gida gida yana bayani ba. Sai dai ya rubuta inda mutumin ya yi turus, da inda ya faɗi sau uku a jere. In an gama ba a tambayarsa ko wasan ya yi daɗi, gama kara za ta sa aboki ya ce i. A kan tambaye shi abin da ya ɗauka a ke nema a wuri kaza.

Ba lalle sai an tara jama'a ba. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya bayyana a 2000 cewa mutum 5 su kan gano wajen kashi 85 cikin 100 na abubuwan da ke rikita mai amfani da manhaja. Bayan haka sai ɗalibi ya gyara abu guda tak, don ya san ko gyaran ne ya yi magani, kana ya nemo sabon mutum, tun da na farko ya riga ya san inda ƙofar ta ke.